'Yata ta fara al'ada, mahaifiyarta ba ta raye, ni kuma kunya ta ɗaure mini baki

Assalamu alaikum, Hajiya. Ni manomi ne a wani ƙauye da ke bayan Pitowa, kusa da Garwa a arewacin Kamaru. Mai ɗakina ta rasu shekara biyu da suka wuce, ta bar mini yara uku. Babbar, wadda ita ce 'yar farina, shekararta 13, tana aji shida, bana za ta zauna jarrabawar CEP ta kammala firamare. Tun bayan ƙaramar salla na lura duk wata sai ta yi kwana huɗu ko biyar ba ta je makaranta ba, ta ce kanta ke ciwo, ni kuma ina ta sayo maganin zazzaɓi. Sai ƙanenta ya gaya mini wai wata rana jini ya ɓata mata riga a aji, yara maza suka yi ta yi mata dariya. Da na shiga ɗakinsu gyaran rufi, na tarar da tsummoki masu danshi cushe a ƙarƙashin katifa. Mahaifiyata, da muke zaune tare, ta ce yarinya ta girma, a cire ta daga boko a nema mata miji, kuma ta hana ta taɓa tukunya a waɗannan kwanaki. Ni ko sunan yarinyar nan ba na faɗa, balle in yi mata wannan magana. Audugar mata ta kanti kuwa ba kowane wata zan iya saye ba. Ina zan sa kaina?

Uban marayu

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya jiƙan mai ɗakinka, ya raya abin da ta bari.

Ba zan ce ka yar da kunyarka ba. Kunyar 'yar fari tarbiyyarmu ce, Hausawa da Fulani, kuma da za ka zaunar da yarinyar nan yau ka fara yi mata bayanin jini, ita za ta fi ka takura, wataƙila ta yi mako ba ta yarda kun haɗa ido ba. An ce ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, kuma a fagen magana haka ne. Amma ka duba abubuwan da suka tsare 'yarka a gida: sabulu, yadi, kamfai, igiyar shanya a inda ido ba ya kaiwa, ƙofar masai, da hukuncin ko za ta ci gaba da karatu. A gidanka babu ɗaya daga cikinsu da ke hannun mace. Duk a hannunka suke, kuma za ka iya yin su ba tare da bakinka ya ambaci jini ba.

Ka fara da nemo mata mace. In mahaifiyarta tana da ƙanwa ko yaya a kusa, ita ce ta fi dacewa, domin yarinya ta fi sakewa da innarta. In babu, goggonta, ko wata malama a makarantarsu. Ka zaɓi mai riƙe sirri, wadda maganar ba za ta kwana a bakin rijiya ba, kuma wadda ba ta koyarwa da tsoratarwa. Yawancin 'yan matanmu duk karatun da ake ba su a ranar farko jimla ɗaya ce: “Kin girma, namiji ya taɓa ki kin yi ciki.” Daga nan a juya baya. Yarinya ta tashi da fargaba, ba ta san daga ina jinin yake ba, ba ta san ranar da zai dawo ba, ba ta san yadda za ta tare shi ba. Tsummokin da ka gani a ƙarƙashin katifa 'ya'yan wannan jimlar ne.

Abin da ya kamata ta ji daga bakin innarta ba shi da yawa. Wannan jini ba rauni ba ne, ba ciwo ba ne, ba alhaki ba ne. Duk wata mahaifa tana yin shimfiɗa a cikinta, in ciki bai shiga ba sai shimfiɗar ta zubo, shi ke nan. Yawancin 'yan mata suna farawa tsakanin shekara 10 da 16. Yakan yi kwana 2 zuwa 7, kuma a jikin babbar mace yakan dawo bayan kwana 21 zuwa 35, ana ƙirgawa daga ranar da ya fara zuwa. A shekara ɗaya ko biyu na farko ba ya tsayawa kan ƙa'ida, yana iya tsallake wata ɗaya ko biyu ba tare da wani dalili ba. Wannan magana ta ƙarshe a tabbata ta kai kunnen kakarta ma, domin an sha dukan yara a kan zargin da ba su ji ba ba su gani ba. Sannan a koya mata ta riƙa sa alama a bayan littafinta ranar da ta fara gani. Bayan wata uku ko huɗu za ta riƙa gane lokacin da ya kusa, ta fita da shirinta, abin da ya faru a aji ba zai sake samunta ba shiri ba. In innar ita ma ba ta da tabbas a kan wasu abubuwa, kuma da yawanmu haka muka tashi, ka ba su kuɗin babur su je cibiyar lafiya tare su zauna da ungozoma. Wannan yana cikin aikin da aka ajiye ta domin shi.

Yanzu maganar tsumma, wadda ita ce ta fi damuna a wasiƙarka. Kada tsadar audugar kanti ta sa ka ji ka gaza. Iyayenmu da kakanninmu da ƙunzugu suka rayu, kuma ƙunzugu mai tsabta ya fi audugar kanti da aka wuni da ita a jiki tun asuba don gudun kada ta ƙare. Aibin ba a yadi yake ba, a danshi da duhu yake. Tsumman da aka wanke a gurguje cikin dare, aka cusa ƙarƙashin katifa bai bushe ba, nan ƙwayoyin cuta ke hayayyafa, daga nan sai ƙaiƙayi, kuraje, saɓewar cinya da wari. Yarinyar da ke tsoron ana jin warinta ba za ta zauna benci ɗaya da kowa ba.

Yadin ya zama na auduga zalla, mai laushi, mai shan ruwa. Tsohuwar atamfa da ta sha wanki tana yi, tawul mai laushi ya fi. Ban da yadi mai santsi irin na roba, ban da soson katifa, ban da takarda, ban da ɗanyar audugar gona, domin tana da ƙura kuma zarenta na maƙalewa a jiki. Ta samu kamar guda takwas, nata ita kaɗai, ba na aro ba. In akwai tela mace a garinku, ta ninka yadin ta ɗinke da 'yan fukafukai biyu da maɓalli, yadda zai kama kamfai ba zai zame ba in tana tafiya ko ta miƙe a aji. Kamfai kuma uku ko huɗu, masu duhun launi, daidai jikinta. Mutane suna mantawa da wannan, alhali ko audugar kanti ba ta zama in babu abin da zai riƙe ta. Abin yana ci mini rai ƙwarai, a ce a ƙasar da ake loda auduga mota-mota, inda kamfanin auduga na Sodecoton ke da babban ofishinsa a nan Garwa, 'yar manomi ta rasa gutsuren yadi mai tsabta.

Ta riƙa canzawa duk bayan awa 4 zuwa 6, ko da bai cika ba. A Maris da Afrilu, lokacin da zafin Garwa ke haura 40, gumi kaɗai ya isa ya sa a canza kafin haka. Wajen wanki a fara jiƙa shi da ruwan sanyi, domin ruwan zafi yana dafa jini ya kama yadi. Sai sabulu, sai ɗauraya sosai har kumfa ta fita, sai rana. Rana ita ce rabin maganin, kuma nan ne aikinka yake. Mata ba sa shanya ƙunzugu a fili saboda kunya, da kuma tsoron da muka gada cewa wani zai ɗauke ya yi asiri da shi ya hana mace haihuwa. Ba sai ka tsaya gardama da kowa kan wannan ba. Ka kafa zana biyu a bayan ɗakinta ko a jikin makewayi, inda rana ke faɗawa, ka ɗaura igiya a ciki, ka hana yara maza shiga. In tana so ta yafa siririn mayafi a kai, rana za ta ratsa. A Agusta, in hadari ya ƙi wucewa, a bi shi da dutsen guga na gawayi har ya bushe ƙayau. Wanda ya bushe a ajiye shi a jaka mai tsabta ko kwano mai murfi.

In ka samu sarari bayan an biya kuɗin auduga, ka sayi fakiti ɗaya ko biyu na ta kanti a ajiye don ranakun jarrabawa da tafiya. Wadda aka yi amfani da ita a naɗe a ƙone ko a binne da zurfi, kada a jefar a bola awaki da yara su jawo.

Wanka babu abin da ya hana shi, ya ma fi zama dole a kwanakin. Ta wanke gabanta da ruwa daga waje, daga gaba zuwa baya, kada ta tura sabulu ko kanwa ko wani jiƙo ciki. Duk wannan ruwa yake ci, saboda haka a kwanakin nan ka ɗora wa ƙanenta ɗebo ƙarin jarka ɗaya, ba sai an gaya masa dalili ba.

Ciwon kan da take faɗa maka, mai yiwuwa ciwon mara ne take sakayawa. Ka daina ba ta maganin zazzaɓin cizon sauro sai in an gwada jini an gani. Ciwon mara yana zuwa ne saboda mahaifa na matsewa don ta fitar da abin da ke ciki. Gorar ruwan ɗumi a naɗe cikin zane a ɗora a mara tana sauƙaƙa shi, haka ma ɗan tattaki. In bai lafa ba, parasitamol ko ibuprofen bayan ta ci abinci, amma ma'aikacin lafiya ya faɗi adadin, kuma a saya a kantin magani, ba a tiren da ya wuni cikin rana a kasuwa ba. Akwai kuma alamun da ba a zama da su a gida: jini ya wuce kwana 7, ko ƙunzugu na jiƙewa sharkaf duk awa ɗaya ko biyu, ko manyan gudaji, ko ciwon da ke kwantar da ita duk wata ko ta sha magani, ko ruwa mai wari da ƙaiƙayi. Ka kuma sa ido kan ƙarancin jini: jiri, haki daga ɗan aiki kaɗan, tafin hannu da cikin fatar ido su yi fari, ko ta fara kwaɗayin cin ƙasa. Hanta, kifi, wake, zogale da miyar yakuwa suna taimakawa, shayi kuma a nisanta shi da lokacin cin abinci, domin yana rage abin da jiki ke tsotsa na sinadarin ƙarfe.

Akwai wani abu na yankinmu da ba na son in tsallake. Tsargiya tana da yawa a ƙasar Binuwai, musamman wajen madatsar ruwan Lagdo da aka kammala a 1982, da duk inda ruwa ke kwanciya bayan damina. Mutane sun ɗauka ciwon yara maza ne masu iyo, alhali 'yan mata masu wanki da wanke-wanke a bakin mayo, wato rafi, suna kamuwa, kuma a jikin mace tana iya taɓa mahaifa da gaba. In innarta ta ji cewa akwai jini a ƙarshen fitsari, ko ɗigon jini a tsakanin al'ada da al'ada, kada a ce ai haila ce. A je a gwada. Maganinta praziquantel ne, wanda ake rabawa a makarantu lokaci-lokaci, kuma yarinyar da ke fashi tana iya rasa ranar rabon.

Sai maganar mahaifiyarka, Allah ya ƙara mata lafiya. Kada ka tunkare ta da gardama. Abin da aka yi mata take maimaitawa, kuma tsoron abin kunya ne ke magana a bakinta, ba ƙiyayyar jikarta ba. Tsohuwa ba ta cika karɓar gyara daga ɗan da ta haifa ba, amma tana karɓa daga malami. Ka samu limaminku ko wani dattijo da take jin nauyinsa ya zo gaishe ta, maganar ta biyo ta nan. Malamai sun san cewa addini bai ɓoye wannan babi ba. Ahalari da yaranmu ke karantawa a makarantar allo yana da fasali sukutum a kan haila. Abin da aka ɗauke wa mai haila sananne ne: salla, azumi, ɗawafi, zaman masallaci, taɓa Alƙur'ani, da kusantar miji, kuma za ta rama azumi ba za ta rama salla ba. Girki ba ya ciki. Muslim ya ruwaito cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wa Nana A'isha ta miƙo masa 'yar tabarmar salla, ta ce tana haila, ya ce mata hailarta ba a hannunta take ba. Ita kuma ta ba da labarin cewa takan sha ruwa tana cikin wannan hali, ta miƙa masa, ya sa bakinsa a inda ta sa nata. Ita ce dai ta yabi matan Ansar da cewa kunya ba ta hana su neman fahimtar addini ba. In kaka tana so ta hutar da jikarta daga murhu saboda ciwon mara, madalla, wannan tausayi ne. Amma kada a bar marainiya ta tashi tana ganin hannunta najasa ne kwana biyar a kowane wata.

A kan aure kuwa ba zan yi maka kwana-kwana ba: kada ka yarda. Ganin jini alama ce cewa jiki ya fara girma, ba cewa ya gama ba. Ƙugun yarinya yana ci gaba da buɗewa shekaru bayan al'adar farko, kuma ciki a wannan shekaru yana iya kawo doguwar naƙuda, wadda kan ƙare da rasa jariri ko yoyon fitsari, wani lokaci da rasa uwar. Duk wanda ya taɓa shiga ɗakin masu yoyon fitsari ya ga shekarun waɗanda ke kwance ba ya bukatar a yi masa dogon bayani. Dokar laifuffuka ta Kamaru ta 2016 ma, a sashe na 356, ta tanadi hukunci ga wanda ya aurar da yaro ko yarinyar da ba ta kai 18 ba. Amma ba da doka za ka je wa mahaifiyarka ba. Ka ce mata, “Inna, amanar marigayiya ce, ki taya ni riƙewa har ta yi ƙwari.” Ka ba ta matsayi a cikin lamarin, ita ce mai tsaron igiyar shanya, ita ce mai ajiyar sabulu. Tsohuwar da aka ba amana takan fi kowa tsare ta.

Makaranta kuma da ƙafarka za ka je. Ka ga shugaban makarantar, namiji da namiji, ka tambaye shi ko 'yan mata suna da masai nasu daban, mai ƙofa da sakata, da buta da ruwa. A makarantun ƙauye da yawa babu, kuma yarinyar da ba ta da inda za ta canza dole ta zaɓi gida. Kuɗin APEE, wato ƙungiyar iyaye da malamai, da kuke biya duk shekara naku ne, kana da bakin magana a taron iyaye. Ƙofar langa-langa da sakata da randa ɗaya ba su fi ƙarfin ƙauye ba in iyaye biyar suka tsaya. Ka roƙi a samu malama, ko wata uwa da ke kusa da makarantar, da za ta ajiye zane ɗaya da ƙunzugu don ranar da ta ɓaci. Yaran da suka yi dariya kuma wani malami namiji ya tara su ya yi musu magana, ba tare da an kama sunan kowa ba, ya tuna musu cewa iyayensu mata da yayyensu duk haka suke. Ka fara da ɗanka na gida. Ya kyauta da ya gaya maka, ka nuna masa cewa aikinsa kare yayarsa ne.

Kuma ka sani ba 'yarka kaɗai ba ce. A aji shida na ƙauye, inda yara ke shiga makaranta a makare, kusan kowane benci akwai mai wannan ɓoyo. Tun 2014 ake ware ranar 28 ga Mayu a duniya don wannan batu, kuma ƙungiyoyi kan zo su raba kaya. Ina yi musu fatan alheri, sai dai fakitin da aka raba a Mayu ba ya kai Yuli. Kenya ta cire harajin saye a kan audugar mata tun 2004, kuma ina son in ga hukumominmu sun ɗauki abin da wannan muhimmanci. Kafin nan, hanyar da na fi yarda da ita tamu ce ta gado. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu, wadda ta rasu a 1864, dattijan mata ta riƙa koyarwa, ana kiran kowacce jaji, su koma ƙauyukansu su karantar da 'yan'uwansu mata a cikin gidaje. In innar 'yarka ta koyo a wajen ungozoma, ta kai maganar wajen adashe ko islamiyyar matan aure, tela ɗaya ta koyi ɗinkin, zubin mako ɗaya ya sayi yadi. Matan aure ma suna cikin wannan wahala, da yawansu ba sa iya tambayar mazajensu kuɗin sabulu don wannan. Kai kuma a majalisa, in an zauna, kana iya cewa maza su riƙa sa shi cikin cefane ba sai an roƙa ba. Daga bakin uban marayu za a saurara.

Ran Lahadi in ka shiga kasuwar Pitowa ka haɗo yadi biyu na auduga, kamfai, sabulu sanda biyu, ƙaramin bokiti mai murfi da buta, ka damƙa wa innarta ta kai mata. Ita kuma yarinyar, ko kana kallon wani wajen ne, ka ce mata, “Ke, ba ki yi laifin komai ba, gobe ki shirya ki tafi makaranta.” Kada ka aika kowa da wannan, daga bakinka take bukatar ji. Sannan ka roƙi malaminsu ya ba ta darussan da suka wuce ta ta kwafa, domin CEP ba ta jira. In an yi wata biyu har yanzu tana fashi, ka sake rubuto mini, innarta ta gaya maka kwana nawa jinin ke yi, sau nawa take canzawa a yini, da ko tana jiri.